Yadda Ake Rubuta wa Yara Labarin Giwayen Yaƙi na Tsohuwar Indiya

Da farko ka zaɓi yaƙi guda, ka tsaya a kansa. Wanda ya fi dacewa da yara 'yan shekara 9 zuwa 12 shi ne na bakin kogin Jhelum, a shekara ta 326 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), inda Sarki Porus ya tari rundunar Alekzanda na Makidoniya da giwayensa. Kogi ya cika ya batse, abokan gaba suka haye da dare ana ruwa da tsawa.

Sai tauraron labari. Kada ka ba sarki wannan matsayi, ka ba ɗan mai kula da giwa, yaron da ke yankan ciyawa, yana kai toron giwa wanka. A nan za ka daɗe, domin in yaro bai shaƙu da giwar ba, ranar yaƙi ba zai damu da ita ba. Nuna wahalar ciyar da dabbar da kan ci kusan kilo 150 a yini. Nuna yadda mahayi ke zama a wuyanta, yana juya ta da yatsun ƙafa ta bayan kunne, da sanda mai ƙugiya a hannunsa. Babi shida cikin goma su tafi a kan wannan.

Babi biyu sun ishi yaƙin. Rundunar Indiya kashi huɗu ce: giwaye, keken doki, mahaya dawaki da dakaru. Dawakin da ba su saba ba suna tsoron giwa, shi ya sa aka jera giwayen a gaba. Amma da Makidoniyawa suka riƙa harbe mahayan giwayen, suna saran ƙafafun dabbobin, sai giwayen suka firgita suka tattake nasu da na abokan gaba. Faɗi haka ba ɓoye-ɓoye, amma ta bakin yaron, ta ƙura da kururuwa, ba sai ka zayyana jini ba.

Kafin ka miƙa rubutun, bi shi ka tsince abin da zamanin bai sani ba. Babu bindiga. Babu tumatir, masara ko jan barkono, duk daga nahiyar Amurka suka zo bayan shekara ta 1500. Giwar Asiya kuma kunnenta ƙarami ne, toro ne kaɗai ke da dogon haure, don haka ka gargaɗi mai zane kada ya zano ta Afirka.