Yadda Za Ka Nemi Aiki da Bulog da Shafin LinkedIn

Idan kamfani ko ƙungiya ta yi tallar gurbi guda, takardun da ke shigowa kusan duk kamanninsu ɗaya ne: digiri ko HND, takardar kammala bautar ƙasa, sai 'yan layukan da kowa ke kwafa, wai shi mai ƙwazo ne kuma yana iya aiki da jama'a. Mai tace takardun ba shi da hanyar sanin wanda ya iya da wanda ya faɗa kawai. Wannan ne ke ɓata mini rai game da matasanmu, domin akwai masu basira da yawa da ba a taɓa kiransu intabiyu ba, don kawai babu inda za a ga aikin hannunsu. Gani ya kori ji. Bulog shafi ne naka na kanka a intanet inda za ka baje abin da ka iya a rubuce, LinkedIn kuwa, dandalin sada zumunta na ma'aikata, hanya ce ta kai shi gaban masu ɗaukar aiki. Ga yadda ake haɗa su biyun, ko da wayar hannu kaɗai kake da ita.

Mataki na farko: tsayar da sana'a ɗaya

Kafin ka buɗe kowane shafi, ka yanke shawarar aikin da kake nema, ka iya faɗarsa a jimla guda. "Kowane aiki ma zan yi" magana ce ta mai buƙata, kuma na san da gaske ake faɗarta, amma mai ɗaukar aiki ba ya ɗaukar mutum don tausayi. Ka nemo tallace-tallacen gurbi guda goma a fanninka, daga shafin tallar ayyuka na Jobberman ko daga LinkedIn ɗin kansa, ko daga shafin ReliefWeb idan ƙungiyoyin agaji kake hari. Ka karanta su da biro a hannu, ka fitar da abubuwan da ake ta maimaitawa. Idan bakwai cikin goma sun ce suna son wanda ya iya Excel da rubuta rahoto, to ka san a kan me za ka yi rubutu, ka kuma san kalmomin da za ka sa a shafinka.

Mataki na biyu: share ƙofar gidanka

Rubuta cikakken sunanka a Google ka ga abin da zai fito. Abin da ka gani shi mai ɗaukar aiki zai gani. Zagin da aka yi a Facebook lokacin zaɓe, da gorin ƙabila ko addini, da hotunan da ba ka so mahaifinka ya gani, duk ka goge su ko ka taƙaita masu ganinsu. Sannan ka tsayar da rubutun suna ɗaya, wanda ke jikin satifiket ɗinka. Mu muna da wannan matsala: a nan Muhammad, a can Mohammed, a wani wurin kuma inkiya. Ka buɗe adireshin imel mai ɗauke da sunanka na gaskiya, ka ajiye shi don neman aiki kawai.

Mataki na uku: buɗe bulog

Wannan ba ya cin awa guda. Blogger na kamfanin Google ne, kyauta ne, kuma da imel ɗinka na Gmail za ka shiga. WordPress.com ma yana da tsarin kyauta, haka nan Medium. Kowanne ka ɗauka ya wadatar. Sa masa sunanka, ka zaɓi fuska mai sauƙi, fari da baƙin rubutu, mai saurin buɗewa ko da intanet ba ta da ƙarfi. Ka yi shafi ɗaya da ke bayyana ko kai waye, me ka karanta, wane aiki kake nema, da imel ɗinka. Kada ka ɓata mako guda kana zaɓen launi, kuma kada ka cika shi da tallace-tallace don neman 'yan kuɗi. Wannan bulog ɗin ba don haka aka buɗe shi ba. Mai rubuta manhaja ya haɗa da GitHub, shafin baje aikin manhaja, mai zane kuma ya haɗa da Behance, shafin baje zane.

Mataki na huɗu: me za ka rubuta?

A nan ne yawancin mutane ke tuntuɓe, don haka zan ɗan daɗe. Kuskuren da aka fi yi shi ne a kwafo bayanin littafin makaranta, "ma'anar noma" ko "muhimmancin lissafin kuɗi", a liƙa. Babu mai ɗaukar ka aiki saboda wannan. Abin da ake so shi ne matsala ta gaske, wadda ka gani da idonka, da yadda ka tunkare ta.

A ce ka karanta aikin gona, kana son aikin malamin gona a wata ƙungiya ko kamfanin iri. Manoman ƙauyenku suna asarar wake saboda ƙwari bayan girbi. Akwai buhun PICS, wanda masana Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje, a ɗaure kowanne daban, ƙwari su rasa iska su daina ɓarna ba tare da an zuba magani ba. Wannan bayanin kowa zai iya samunsa. Abin da babu wanda zai iya kwafa shi ne naka gwajin. Ka zuba wake a buhun PICS, ka zuba wani a buhun da aka saba, ka rubuta ranar, ka ɗauki hoto. Bayan wata uku ka buɗe, ka ɗebi ƙwaya ɗari daga kowanne ka ƙirga masu huji. Ka je kasuwa, ko Dawanau ce ko ta garinku, ka tambayi farashin buhun da farashin wake lokacin kaka da lokacin bazara, ka yi lissafin ko manomi ya ci riba. Ka tambayi manoma biyar me ya hana su amfani da shi, ka rubuta amsarsu yadda suka faɗa. Rubutu ɗaya irin wannan ya nuna ka iya gwaji, ka iya lissafi, ka iya magana da manomi, ka kuma iya rahoto. Su ne ainihin abubuwan da ake biyan malamin gona albashi a kansu.

Haka abin yake a kowane fanni. Mai neman aikin akanta zai iya tsara wa wani ɗan'uwa mai shago a Kantin Kwari ko Kasuwar Kurmi tsarin Excel na shige da ficen kaya da bashi, ya rubuta yadda ya yi, ya canza alƙaluman don sirrin mai shago. Malama mai neman koyarwa za ta iya rubuta yadda ta koya wa yaran aji uku jadawalin sau da duwatsu da marafan kwalba, abin da ya yi aiki da wanda bai yi ba. Faɗin abin da bai yi aiki ba yana ƙara maka daraja, domin duk wanda ya taɓa aiki na gaske ya san ba komai ke tafiya daidai ba.

Kowane rubutu ya ɗauki tsari mai sauƙi: ga matsalar, ga abin da na yi, ga abin da ya fito, ga abin da zan canza nan gaba. Kalmomi 500 zuwa 800 sun isa. Rubutu ɗaya duk mako biyu ya fi guda goma a mako ɗaya sannan shiru na shekara. Idan ka tara biyar ko shida masu nama, ka samu abin nunawa.

Da wane harshe? Ra'ayina shi ne ka yi da biyu. Yawancin masu tace takardu a Najeriya da Turanci suke aiki, a Nijar kuma da Faransanci, don haka manyan rubuce-rubucenka su kasance da harshen da za su karanta. Amma kada ka raina Hausarka. Ƙungiyoyin lafiya da noma da ilimi da ke aiki a Arewa suna matuƙar buƙatar wanda zai iya mayar da bayanin masana zuwa Hausar da tsohuwa a ƙauye za ta gane, kuma kafofi irin su BBC Hausa da DW da RFI da Aminiya da Hausa suke aiki. Wanda ya nuna ya iya rubutu mai tsabta a harsuna biyu ya riƙe abin da ba kowa ke da shi ba. Ka kula da ƙa'idar rubutu, ka sa ƙ da ɗ da ɓ a inda suke. Allon rubutu na Gboard yana da Hausa.

Abubuwa biyu kada ka kuskura. Kada ka sa sunanka a rubutun da ba naka ba, ko na wani ne ko na'ura ce ta rubuto maka, domin ranar intabiyu za a yi maka tambaya a kai, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne. Kada kuma ka fitar da sirrin wurin da ka yi aiki ko bautar ƙasa: sunayen marasa lafiya, fuskokin yaran makaranta ba da izinin iyayensu ba, takardun ofis. Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane tun 2023, kuma ko babu doka, amana ce.

Mataki na biyar: gina shafin LinkedIn

An buɗe LinkedIn a 2003, Microsoft ya saye shi a 2016, kuma masu rajista a cikinsa sun haura biliyan ɗaya. Abin da ya kamata ka fahimta game da shi shi ne masu ɗaukar aiki suna bincike ne da kalmomi, kamar yadda kake yi a Google. Idan kalmar ba ta shafinka, ba za ka fito ba.

Hoto ya zama na fuskarka kai kaɗai, a wuri mai haske. Hula da kaftani ko hijabi duk daidai ne, ba sai kwat ba. Layin da ke ƙarƙashin sunanka shi ne mafi muhimmanci, domin shi ke bin ka duk inda ka yi sharhi. Kada ka rubuta cewa ba ka da aiki; rubuta abin da kake yi da kalmomin nan da ka fitar a mataki na farko, misali malamin gona, adana amfanin gona bayan girbi, Hausa da Turanci, Kano. A sashen bayanin kai ka yi sakin layi uku gajeru: abin da ka iya, shaida ɗaya ko biyu, da abin da kake nema. Bautar ƙasa da aikin sa kai da zaman koyon aiki duk gogewa ce, ka sa su, kana faɗin abin da ka aiwatar a kowanne. Akwai sashen da ake kira Featured, inda za ka maƙala rubutunka uku mafi kyau daga bulog. Akwai kuma maɓallin Open to Work, mai nuna kana neman aiki, wanda za ka iya saita shi kowa ya gani ko masu ɗaukar aiki kaɗai. Idan kana wani aikin a yanzu, zaɓi na biyu, ko da yake LinkedIn da kansa ya ce ba ya ba da tabbacin ɓoye shi gaba ɗaya daga wurin aikinka. Daga ƙarshe ka roƙi malaminka na jami'a ko wanda ka yi aiki a ƙarƙashinsa ya rubuta maka 'yar shaida a shafin.

Mataki na shida: mu'amala da mutane

Mu Hausawa ba baƙin wannan ba ne. Ba a shiga zauren mutum a fara da roƙo. Sai an yi sallama, an gaisa, an saba. Haka ake yi a nan. Ka fara da abokan karatu da malamai, sannan ma'aikatan wuraren da kake hari. Mai neman aikin gona zai bi shafukan cibiyar binciken noma ta IITA, da ƙungiyar Sasakawa mai tallafa wa manoma, da cibiyoyin noma na IAR da NAERLS na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ya ga su waye ke magana a kansu. Idan za ka tura buƙatar haɗuwa, ka haɗa da ɗan saƙo: sallama, ko kai waye, da takamaiman abin da ka karanta nasa ya amfane ka. "Ranka ya daɗe, a taimaka mini da aiki" a saƙon farko yana rufe ƙofa, ko da mutumin yana da niyyar alheri, domin ba shi da abin da zai kama.

Minti goma sha biyar a rana sun isa. Ka yi sharhi mai ma'ana a ƙarƙashin rubutun masana fanninka, ka ƙara wani abu da ka gani a garinku ko ka yi tambaya ta gaske. Duk lokacin da ka wallafa a bulog, ka kawo taƙaitaccensa nan da hoto ɗaya. Bayan an ɗan saba, za ka iya neman shawara: "Malam, ga ɗan abin da na rubuta, ina ne kake ganin na yi kuskure?" Manya suna son a tambaye su abin da suka sani, kuma wanda ya gyara maka rubutu zai tuna da kai ranar da gurbi ya buɗe a ofishinsu. 'Yan'uwa mata, duk wanda ya karkatar da zancen aiki zuwa wani abu daban, ku toshe shi ku kai ƙararsa ga shafin, babu kunya a wannan.

Mataki na bakwai: tura takarda

Sa adireshin bulog da na LinkedIn a saman CV ɗinka, kusa da lambar waya. A wasiƙar neman aikin ka ambaci rubutu ɗaya da ya dace da gurbin, ka ce ga inda za a gani. Ka kunna sanarwar guraben aiki a LinkedIn don ka riƙa turawa da wuri.

Ka yi hattara da 'yan damfara, suna nan da yawa, kuma mai tsananin buƙata suke farauta. Duk wanda ya ce ka biya kuɗin fom ko na horo ko na "ajiye gurbi" kafin a ɗauke ka, ka rabu da shi. Kada ka ba kowa lambar BVN ko lambar sirrin da banki ya turo maka. Idan an ce gurbin na wata ƙungiya ne, ka shiga shafinta na ainihi ka duba ko yana nan, ka kuma lura ko imel ɗin da aka aiko maka yana ɗauke da sunan ƙungiyar ko na Gmail ne kawai.

Idan aka kira ka intabiyu, daren ranar ka sake karanta duk abin da ka wallafa, ka tuna alƙaluman da ranakun. Ka buga rubutu biyu a takarda ka tafi da su cikin fayil, saboda ba kowane ɗakin intabiyu ke da intanet ba. Idan aka ce ka ba da misalin matsalar da ka taɓa warwarewa, sai ka zaro takardar buhun waken nan ka miƙa musu, ka fara bayani daga ranar da ka ɗaure bakin buhun.