Yadda ɗalibi zai zaga Legas da ƙaramin guzuri ba tare da mota ba

Kuɗin mota ne ke cinye guzurin baƙo a Legas, fiye da abinci, fiye da kuɗin shiga wuraren kallo. Ɗalibin da ya sauka a unguwar da ba ta kan babbar hanya, ya kuma riƙa fita a lokacin da ma'aikata ke fita, zai ga kuɗin mako guda ya ƙare a kwana uku, rabin yininsa kuma a zaune cikin gosulo. Don haka abu biyu za ka fara yankewa tun kana gida: inda za ka kwana, da ƙarfe nawa za ka riƙa motsi.

Garin ya kasu biyu, ruwa ne a tsakani. Ɓangaren tudu, wanda mutanen gari ke kira Mainland, shi ne su Yaba, Surulere, Mushin, Oshodi, Ikeja da Agege. Ɓangaren tsibiri kuma ya haɗa da tsohon garin Ikko, wato su Idumota, Marina da Obalende, sai Ikoyi, Victoria Island da Lekki. Gada uku ce ta haɗa tudu da tsohon garin: Carter, Eko, da Third Mainland, wadda tsawonta ya kusa kilomita 12. Da safe, tun daga asuba har wajen ƙarfe 10, jama'a na kwarara zuwa tsibiri. Daga ƙarfe 4 na yamma har bayan isha'i suna dawowa. Kai ba ma'aikaci ba ne, babu mai rubuta maka makara. Ka fita bayan ƙarfe 10, ka juyo kafin ƙarfe 3 da rabi. Kada kuma ka tsallaka ruwa fiye da sau ɗaya a rana, zuwa da dawowa: ranar tsibiri ta tsibiri ce, ranar tudu ta tudu.

Zuwa daga Arewa

Daga Kano tafiyar ta kai kimanin kilomita 1,000, kuma manyan motocin safa na Sabon Gari kan ci awa 18 zuwa yini da kwana, gwargwadon halin hanya da yawan shingen jami'ai. Ka sayi tikiti a ofishin kamfani, ka karɓi rasit, ka rubuta sunan wani naka da lambarsa a takardar fasinjoji. Kafin ka biya ka tambayi tashar da motar ke ajiye mutane, domin wadda za ta sauke ka a Jibowu daban take da wadda za ta tsaya a Ojota ko Agege, kuma bambancin zai iya zama awa biyu da kuɗin mota biyu. Hawa saman tirelar shanu ko ta albasa don sauƙin kuɗi, wannan ka cire shi daga lissafi gaba ɗaya. Doka ta hana, kuma idan tirela ta kife waɗanda ke sama ba su da abin riƙewa.

Idan motar ta iso kafin gari ya waye, ka zauna cikin tasha har rana ta fito. Baƙo da jaka a bakin titi ƙarfe 4 na asuba shi ɓarayi ke nema. Katin makaranta da takardar NIN su kasance a jikinka, ba cikin jakar da ke but ba.

Masauki

Mafi sauƙin masauki shi ne wajen ɗan'uwa ko ɗan garinku. Akwai Hausawa da yawa a Agege, Mile 12, Idi-Araba, Obalende da Alaba Rago, kuma da wuya a ce garinku ba shi da mutum ko ɗaya a waɗannan wurare. Sai dai a yi magana tun kafin a taso, a faɗi kwana nawa za a yi, a riƙo ɗan tsaraba, ko kilishi ne ko dabino. Ɗaki a Legas tsada gare shi, wanda zai karɓe ka wataƙila su huɗu ne a ɗaki ɗaya. Ɗaliba mace kuwa ta tabbatar gidan iyali ne za ta sauka, kuma wani daga gidan zai zo tasha ya tarye ta.

Amma masaukin kyauta ma yana da lissafi. Alaba Rago tana can wajen Ojo, nesa da yawancin abin da za ka so gani. Abin da ka tsira da shi na kuɗin ɗaki zai iya zubewa a hanya. Mile 12 tana kan layin BRT, wato manyan bas-bas na gwamnatin jiha, Agege kuma tana da tashar jirgin ƙasa, saboda haka sun fi dacewa. Idan biya za ku yi, ku haɗu ku biyu ko uku ku kama ɗaki a ƙaramin masauki a Yaba ko Surulere. Yaba ta fi kowace: tana tsakiya, ga Jami'ar Legas a Akoka kusa, ga jirgi, ga mota zuwa ko'ina. Kafin ka biya ka shiga ɗakin da kanka, ka murɗa famfo, ka gwada makulli, ka tambayi daga ƙarfe nawa zuwa nawa ake kunna janareta. Ɗakin da ba fanka mai juyawa da dare, a zafi da sauron Legas, ba ɗakin barci ba ne. Kada ka tura wa kowa kuɗi a kan hoton ɗaki da ka gani a intanet.

Katin Cowry da abin da yake buɗe maka

Aikinka na farko a rana ta farko shi ne sayen katin Cowry a tashar BRT ko ta jirgi. Da shi ake biyan manyan bas-bas na gwamnatin jiha, da jiragen ƙasa na cikin gari, da jiragen ruwa na LAGFERRY. Ka zuba masa kuɗin kwana biyu kawai, ka riƙa ƙarawa, don kada ka koma gida da kuɗi maƙale a katin. Ana taɓa katin a jikin na'ura lokacin shiga, a sake taɓawa lokacin sauka. Nan baƙi suka fi yin asara: wanda ya manta taɓawa ta biyu, kuɗin har ƙarshen layi ake cire masa ko da tasha uku ya yi.

BRT, wadda ta fara aiki a 2008, tana da layinta na daban a kan titin Ikorodu, shi ya sa take wucewa alhali sauran motoci na tsaye. Babban layin ya taso daga Ikorodu, ya bi ta Mile 12, Ketu, Ojota, Maryland da Fadeyi, ya ƙare a TBS, wato tashar dandalin Tafawa Balewa, a tsibiri. Akwai wani daga Oshodi zuwa Abule Egba. Farashinta a ƙayyade yake, ba ciniki. Matsalarta dogon layin jira da safe da yamma, wanda kai ka riga ka kauce masa.

Jirgin Blue Line ya fara ɗaukar fasinja a Satumbar 2023, yana tafiyar kilomita 13 daga Marina zuwa Mile 2, yana tsayawa a gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da ke Iganmu. Da lantarki yake aiki, wutar kuma a ƙasa take kusa da dogo, don haka ba a tsallaka hanyarsa da ƙafa ko da wasa. Red Line kuma, wanda ya fara a Oktoban 2024, ya taso daga Agbado ya bi ta Agege, Ikeja, Oshodi, Mushin da Yaba zuwa Oyingbo. Ga wanda ya sauka a Agege wannan babban sauƙi ne. Sai dai ba kowane lokaci yake tashi ba. Ka ɗauki hoton jadawalin da ke manne a tasha, ka tsara fitarka a kansa.

Danfo

Inda BRT da jirgi ba su kai ba, danfo ce: ƙananan bas masu launin rawaya da baƙin layi. Ba yadda za ka yi ka zaga Legas ba ka shige ta ba, kuma tana da ƙa'idojin da ba a rubuce suke ba. Kwandasta yana kiran sunan tasha da sauri, yana haɗiye rabin kalmar, don haka ka maimaita masa inda za ka, ka ji ya amsa, ka tambayi kuɗi, sannan ka sa ƙafa. Kuɗin ba tsayayye ba ne: yana tashi da safe da yamma, yana kuma iya ninkawa da zarar an fara ruwan sama. Ka tanadi ƙananan takardu, 'yan 100, 200 da 500. Idan ka miƙa dubu ɗaya, kwandasta kan haɗa ka da wani fasinja ya ba ku takarda ɗaya ya ce ku je ku raba, ku tsaya a bakin titi kuna neman canji da mutumin da ba ka sani ba. In an kusa tasharka ka ɗaga murya ka ce “o wa”, in ba haka ba direba zai wuce da kai. Wani lokaci kuma, idan hanya ta cushe, direba kan juya kafin ƙarshen tafiya; ka bi sahun sauran fasinjoji wajen neman ragowar kuɗi, kada ka tsaya musu kai kaɗai.

Ka shiga mota a cikin tasha, inda ake lodi a jere. Motar da ta tsaya maka a bakin titi da dare ko da asuba, saura kujera ɗaya, fasinjojin duk sun yi tsit, ita ce ake gudu. 'Yan “wan cans” ke nan, ɓarayi masu shigar direba da fasinja, su ƙwace waya, su tilasta mutum ya tura kuɗin asusunsa. Saboda irin wannan, kada ka ajiye duk guzurinka a asusun da ke cikin wayar da kake yawo da ita. Wayar ma kada ka riƙe ta kusa da taga a cikin gosulo. Lambobin gaggawa na jihar su ne 112 da 767.

Acaba an hana shi tun 2022 a ƙananan hukumomi da dama, ciki har da Ikeja, Surulere, Apapa, Eti-Osa da tsibirin Legas, kuma dokar ta shafi fasinja kamar yadda ta shafi mai tuƙi. Ko da ɗan acaban ɗan garinku ne ya ce ba komai, ka haƙura. Keke na nan a cikin unguwanni don gajeriyar tafiya. Bolt da Uber, tasin da ake kira ta manhajar waya, ka bar su sai ta kama dole, kamar dare ya yi muku ku huɗu kuka raba kuɗin. Manyan tituna irin na Ikorodu kuwa ta gadar masu tafiya a ƙasa ake tsallaka su. Jami'an tsaftar muhalli na kama masu ratsawa ta ƙasa, tarar kuma ta fi kuɗin abincinka na yini.

Abin gani

Ranar tsibiri ita ce mafi arha, domin da ka sauka a TBS sauran duk a ƙafa ne. Dandalin Tafawa Balewa na gabanka. Gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan, wanda aka buɗe a 1957, tafiyar 'yan mintoci ce. A can aka ajiye motar da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta a 1976. Ka nuna katin makaranta a ƙofa ka tambaya ko akwai rangwamen ɗalibai. Daga nan ka bi titin Broad zuwa Freedom Park, tsohon kurkukun Turawan mulkin mallaka da aka mayar wurin shaƙatawa. Ka yi azahar a babban masallacin Legas da ke titin Nnamdi Azikiwe, ka leƙa masallacin Shitta-Bey na 1894 a titin Martins, sannan ka faɗa kasuwar Balogun da jakarka a gaba. Matambayi ba ya ɓata, amma ka tambayi mai shago da ke zaune, ba matasan da ke tsaye a bakin hanya ba.

Lekki ta fi cin kuɗi, a ware mata rana guda. Daga Obalende ake hawa motar Ajah a sauka kusa da tashar Chevron don shiga gandun Lekki Conservation Centre, inda ake tafiya a kan wata siririyar gada mai lilo a saman bishiyoyi, tsawonta mita 401. Kuɗin shiga daban, na hawa gadar daban, kuma birai na fizge abinci daga hannun mutum. Gidan zane-zane na Nike da ke kan hanyar kyauta ake shiga. Bakin teku yawanci sai an biya, igiyar ruwan kuma tana ja da ƙarfi. Wanda iyonsa na kogi ne ko kududdufi ya tsaya inda ruwa bai wuce idon sawu ba. In za ka hau jirgin ruwa, ka sa rigar kariya ka ɗaure ta, kada kuma ka hau bayan magariba.

A ɓangaren tudu akwai harabar Jami'ar Legas da bakin ruwanta, da kasuwar Mile 12 inda tumatur da albasar Arewa ke sauka, da Computer Village, kasuwar waya da kwamfuta, a Ikeja. A can kallo ya fi saye. In har za ka sayi waya, a cikin shago mai rasit, kuma kada ta bar hannunka bayan ka gwada ta.

Abinci ba zai wahalar da kai ba. Mai shayi na nan a duk unguwar Hausawa, wake da burodin Agege na riƙe ciki har la'asar, da rana kuma ka nemi rumfar abincin da ta cika da ma'aikata, inda tukunya ba ta kwana. Miyar Yarbawa akwai yaji da manja, ka fara da kaɗan, ka kuma tambayi irin naman kafin a zuba. A jaka ka riƙe gorar ruwa, da abin cajin waya na tafi-da-gidanka, da lema idan Yuni ko Yuli ne, lokacin da ruwa ya fi ƙarfi tituna su cika.

Kuɗin komawa gida ka ware shi tun ranar da ka iso, ka ƙara masa kamar kashi ɗaya cikin biyar, ka ajiye inda hannunka ba zai kai ba cikin sauƙi. Gab da Sallah da ƙarshen Disamba kuɗin motar Arewa na tashi, kujeru kuma na ƙarewa da wuri, don haka ka je tasha ka yanki tikiti kwana ɗaya kafin tafiya, ranar tashi kuma ka bar masauki da awa uku a hannu.