Yadda za ku shirya sashen ciwon kansa na asibiti tun kafin masu tantancewa su zo

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne sai an ji masu tantancewa na tafe sannan a fara fenti, a sayo labule, a kwana ana cike fayil. Wallahi wanda ya san aikinsa folda biyar zai buɗe ya gane komai.

A Amurka akwai hukumar ciwon kansa da ƙungiyar likitocin tiyata ta kafa tun 1922, duk shekara 3 suke zuwa duba asibitin da suka ba shaidar inganci, kuma sharuɗɗansu ko a nan za mu iya aro. Ku fara da kwamiti, likitan tiyata, mai ba da kemo (maganin kashe ƙwayoyin kansa), mai gasa ciwon da na'ura, mai duba tsoka a lab, nas, da mai rajista. Su zauna aƙalla sau ɗaya duk wata uku kuma a rubuta abin da aka yanke da sunan wanda zai yi, don zaman da ba minit kamar ba a yi ba ne.

Sai rajista, nan ne zuciyar aikin. Duk majinyacin da ya shigo a rubuta ranar da ya fara zuwa, ranar da aka yanki tsoka, ranar da sakamako ya fito, matakin da ciwon ya kai, da ranar da aka fara magani. Lambar waya biyu za ku karɓa, tasa da ta ɗan uwansa. Na taɓa ganin wata baiwar Allah mai ciwon nono, sakamakonta ya fito yana kwance a durowa ita kuma tana ƙauye tana jiran kira, lambar da ke katinta ba ta shiga, ko da ta dawo abin ya kai hammata. Har yau abin na raina.

Daga nan ku ɗauki matsala ɗaya tak a shekara, kar ku yi taura biyu. Misali jiran sakamako. Ku ƙirga kwanakin a folda 30 na baya, ku canza abu ɗaya, kamar a sa nas guda ta riƙa bibiyar lab duk Litinin tana kiran mutane, bayan wata uku ku sake ƙirgawa ku ga ko ya ragu, in bai ragu ba ku gwada wata dabarar. A Ingila kwana 62 suka sa tsakanin turo mutum da gaggawa da fara magani, ku ma ku sa wa kanku adadi.

Zaman likitoci kan majinyaci kuma a yi shi kafin a fara magani. A tiyatar kansar babban hanji ku duba rahoton lab, ana son a ciro kaluluwa aƙalla 12 a duba, in rahoton bai faɗi adadin ba ku mayar a cike.