Yadda Za Ka Bi da Jiri Kafin Takardar Awo Ta Hana Ka Barci

Kuskuren da na fi gani ga mai fama da jiri shi ne, tun bai ga likita ba ya riga ya biya kuɗin awon malariya da taifot. Takarda ta fito, Widal, wato awon taifot, ya nuna 1/160, mai kemis ya haɗa masa allurai, mako ya zagayo ɗaki bai daina juya masa ba. Awon Widal guda ɗaya ba ya tabbatar da taifot a ƙasarmu, domin masu ƙoshin lafiya da yawa jininsu yana nuna shi. Kuɗi sun tafi, fargaba ta ƙaru.

Da farko, in abin ya taso, zauna ko ka kwanta nan take, ka kafa ido a kan abin da ba ya motsi. Kada ka hau babur, kada ka leƙa rijiya. Idan kuwa baki ya karkace, harshe ya sarƙe, kana ganin abu biyu-biyu, hannu ko ƙafa ta mutu, ko ka kasa tsayuwa, a nufi asibiti a wannan sa'ar. Waɗannan alamun shanyewar ɓarin jiki ne, ba a jiran gari ya waye.

Mataki na biyu shi ne wanda kowa yake tsallakewa, alhali ya fi kowane awo amfani. Sami ɗan littafi. Duk sanda jirin ya ɗebe ka, rubuta me kake yi, tsawon lokacin da ya ɗauka, da halin da kunnenka yake ciki. Ka ce wa likita "jiri nake ji" kawai, ba ka gaya masa komai ba. Duhu-duhu kake gani in ka miƙe da sauri? Wannan ya fi kama da faɗuwar jini, ƙarancin jini, rashin ruwa a jiki lokacin zafi ko azumi, ko maganin hawan jini da ya yi maka ƙarfi. Ɗakin ne yake juyawa in ka juya a gado, ka ɗaga kai, ko ka yi ruku'u da sujada, sannan ya lafa kafin minti ɗaya? Galibi wasu ƙananan ƙwayoyin kalsiyam ne a can cikin kunne suka bar mazauninsu suka faɗa bututun da ke kula da daidaiton jiki. Likitoci suna kiransa BPPV, kuma babu awon jinin da zai nuna shi. In kuma jirin yana kai sa'o'i, kunne yana ƙara yana toshewa, za a duba cutar Ménière, wata cutar cikin kunne. Rubuta har magungunan da ka sha, don kwinin da allurar gentamicin suna taɓa kunne.

Da littafin nan za ka je wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro. Manyan asibitocin koyarwa suna da sashen, a Kaduna kuma akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa. Zai kwantar da kai ya juya kanka yana kallon idonka, gwajin Dix-Hallpike ke nan. In ya tabbata BPPV ne, dabarar Epley, wato jujjuya kai daki-daki na 'yan mintuna, takan mayar da ƙwayoyin gurbinsu, ba na'ura ba allura. Ni ban yarda mutum ya kwaikwayi bidiyon dabarar a gida ba tun ba a tantance wane kunne ne ba. Maganin jiri na Stugeron kuma na 'yan kwanaki ne. In ka mai da shi abinci, ƙwaƙwalwa takan makara wajen sabawa.

Sai batun takarda. Iyakokin da kake gani a gefen sakamako an ɗauko su ne daga kashi 95 cikin 100 na masu lafiya, wato biyar cikin ɗari lafiyarsu lau amma lambarsu ta ɗan fita layi. Kada ka tura hoton takardar a guruf ɗin WhatsApp, kada ka bi ta intanet da tsakar dare. Tambayi likitan da ya rubuta awon: wannan lambar tana da alaƙa da jirina? Yaushe za a maimaita? Me zan gani in dawo da gaggawa?

Tara takardunka wuri ɗaya. Riƙa tashi daga gado a hankali, ka bar fitila a hanyar bayi, ka yi salla a zaune in sujada tana tayar da shi. BPPV yakan dawo bayan watanni, kuma Epley ɗin za a sake yi.