Yadda Ake Shirya Hoto Kafin a Ɗora Shi a Kafar Sada Zumunta

1. Fara da ainihin hoton da kyamara ta ɗauka. Wanda aka turo maka ta WhatsApp an riga an matse shi, dandalin da za ka ɗora shi kuma zai sake matsewa, sai ka ga fuska ta yi dishi-dishi. In dole sai an turo, a turo shi a matsayin fayil.

2. Yanke shi daidai da inda za shi. A Instagram, tsayayyen hoto mai faɗin fiksel (ƙananan ɗigogin da ke haɗa hoto) 1080 da tsawon 1350 ya fi murabba'i cika allon waya. Na Story kuwa 1080 ne da 1920. A nan ake yawan tafka kuskure: a sa rubutu can sama ko can ƙasa, sunan mai shafi da maɓallan manhaja su rufe shi. Bar fili kamar fiksel 250 sama da ƙasa.

3. Gyara haske da launi kaɗan-kaɗan. In ka cika hannu, fatar mutum sai ta koma ja wur.

4. Hoton mutane da wurare a adana shi a nau'in fayil na JPEG, ingancinsa tsakanin 80 da 90 cikin ɗari. Tambari da hoto mai rubutu sun fi son nau'in PNG, don JPEG na ɓata gefen haruffa. Tsarin launi ya zama sRGB, in ba haka ba launuka kan koɗe bayan ɗorawa.

5. Goge bayanin wurin da waya ke maƙala wa hoto, musamman wanda aka ɗauka a gida.

6. Buɗe shi a waya ka karanta rubutun ba tare da ƙara girmansa ba. In bai karantu ba, ƙara girman haruffan kafin ka ɗora.