Kurakuran da mu iyaye muka fi yi idan yaro ya shiga jami'a, da yadda za a gyara

Abin da na lura da shi a nan Tudun Wada da ma sauran unguwannin Kaduna shi ne, ranar da yaro ya samu gurbin karatu gida kamar ana biki, a yi ta Allah ya sanya albarka, a yi fafutuka a haɗa kuɗin rijista, a raka shi tashar Kawo ya hau motar Zariya, shikenan sai uba ya yi ajiyar zuciya yana ganin ya sauke nauyi. Alhali wallahi ranar ne ma aikin ya fara. Ni uba ne, kuma wasu kurakuran nan da kaina na yi su, shi ya sa abin yake ci mini rai.

Babban cikinsu shi ne mu toshe ƙofar da yaro zai faɗa mana gaskiya. Babban ɗana ya samu kariyoba a kwas biyu, wato ya faɗi sai ya maimaita su, tun yana aji biyu, bai faɗa wa kowa ba, duk sanda na kira na ce ya karatu sai ya ce lafiya lau Baba, ni kuma in kashe waya. Ban san komai ba sai da abokansa suka fara shirin tafiya hidimar ƙasa shi yana gida yana kame-kame. Daren da na zaunar da shi a tsakar gida kansa a sunkuye yake yana ta murza gefen tabarma, da ƙyar ya ce Baba tsoron faɗanka nake ji. Shekara biyu yaron nan yana ɗauke da wannan abin shi kaɗai saboda ya san halina, in na fara faɗa har maƙwabta sai sun ji.

Gyaran shi ne ka daina tambayar ya karatu, don amsarta ɗaya ce kullum. Ka tambaye shi kwas nawa yake ɗauka wannan zangon, wanne ne yake ba shi wuya, kuma ka koyi abin da ake cewa CGPA, wato matsakaicin makin da ɗalibi ya tara, ko da kai ba ka yi boko mai zurfi ba. A yawancin jami'o'inmu a kan maki 5.00 ake lissafi, 4.50 zuwa sama shi ne daraja ta ɗaya, daga 3.50 ta biyu babba, kuma lissafin tarawa ake yi tun daga aji ɗaya, don haka wanda ya yi wasa a shekarar farko zai daɗe yana jan kayan. Duk ƙarshen zango ku zauna ya buɗe maka sakamakonsa a waya ku duba tare, in ka ga ya faɗi wani kwas dan Allah ka haɗiye fushin nan tukuna, ka tura shi wajen malamin da ke kula da ajinsu, kowane sashe yana da shi.

Sai tilasta wa yaro kwas. Kowa so yake a ce ɗansa likita ne ko lauya ko injiniya, yaro ya zauna shekara uku yana maimaita JAMB a kan abin da kansa ba ya ɗauka, kuma ana raina masa Kadpoly ko Nuhu Bamalli ko kwalejin Gidan Waya kamar ba karatu ake yi a can ba. Ka ba da shawara, amma ka duba darasin da yake ci tun sakandare.

Maganar kuɗi kuma a nan ne muke yawan tafka kuskure ba da gangan ba. Mu biya rijista da kuɗin ɗaki sai mu ɗauka an gama, sauran sai yaro ya kira ya roƙa, wata rana a tura wata rana a ce ka yi haƙuri. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota da na abinci ba yadda muka san su suke ba, ga data, ga buga takardu, ga SIWES wato horon sanin makamar aiki, ga furojet wato binciken kammala karatu a shekarar ƙarshe. Ka sa rana tsayayya a wata, ko kuɗin kaɗan ne ya san ranar kaza za su shigo, da haka zai koyi tsara kansa. Kuma kayan abinci sun fi kuɗi albarka, shinkafa, wake, taliya, garin kwaki, ƙuli-ƙuli, manja, kuka da daddawa da ɗan yaji a kwalba, a ɗaure a buhu a ba direba. Ita 'ya mace akwai buƙatun da har abada ba za ta iya buɗe baki ta faɗa wa ubanta ba, kamar audugar mata, to ka ware wannan ka damƙa a hannun mahaifiyarta ba sai an tambaye ka ba. Yarinyar da aka bari da yunwa a makaranta ba a yi mata adalci ba, don masu jiran irin wannan damar suna nan da yawa.

In abin ya fi ƙarfinka kar kunya ta hana ka nema. Akwai bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 don ɗaliban makarantun gwamnati, babu ruwa a ciki, kuɗin makaranta kai tsaye ake biya wa makarantar, ga dubu 20 ta kashewa duk wata, kuma sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa ake fara biya. Akwai kuma hukumar tallafin karatu ta jiha, yaro ya riƙa bibiyar lokacin da za su buɗe. Iyaye mata da yawa adashe suke shiga su daidaita kwasarsu da lokacin rijista, dabara ce mai kyau. Kuma kar ka ba wani wai shi ɗan hanya kuɗin makaranta ya biya muku, a biya ta shafin makarantar a ajiye rasit.

Wani abin da ake rainawa shi ne takardu. Suna Muhammad a NECO, Mohammed a JAMB, ranar haihuwa daban a NIN, ba wanda ya damu sai an zo tafiya hidimar ƙasa a fara zarya. Tun aji ɗaya a jera takardun a duba harafi da harafi, kuma a tabbatar yaro ya karɓi gurbinsa ta CAPS, wato shafin JAMB na ba da gurbin karatu, sunansa yana cikin jerin JAMB.

Waɗanda kuma 'ya'yansu ke zuwa jami'ar jiha wato KASU ko Kadpoly daga gida, mu ji tsoron Allah. Don yaro yana kwana a gida ba shi ne ya zama ɗan aike ba, gobe yana da jarrabawa yau an tura shi tsaron shago a Kasuwar Barci, ita kuma an bar mata girkin gida gaba ɗaya da wankin ƙanne. Lokacin jarrabawa a ɗauke musu aiki, a sama musu lungun da babu hayaniya da fitila mai caji. In kuma maganar aure ta taso tana tsakiyar karatu, a yi magana da mijin da danginsa a fili tun kafin a sa rana.

Wanda nasa yake nesa kuma ya daure ya je ya ga ɗakin da idonsa ko sau ɗaya a shekara, musamman masu haya a cikin Samarun Zariya, ka san da wa yake kwana, ka karɓi lambar abokinsa ɗaya, don shaye-shaye a ɗaki yake farawa. In an shiga yajin aiki irin na ASUU na 2022 da ya ci wata takwas, kar a bar shi da barci da waya, a tura shi koyon sana'a, ga kasuwar Panteka nan, ga ɗinki, ga gyaran waya.

Shi ɗan nawa ya ƙara shekara ɗaya ya gama, Alhamdulillahi. Yanzu ƙanwarsa ce a aji biyu, duk Juma'a bayan la'asar nake kiranta, tambayar farko me kika ci yau, sannan mu zo kan kwas ɗin lissafin da ta ce yana ba ta wuya, kuma makon jiya ita da kanta ta faɗa mini gwajin bai yi kyau ba tun kafin in tambaya.