Yadda Ake Zaɓar Wuƙar Aljihu Mai Tsada Ta Farko

Wuƙa mai naɗewa irin ta kamfanin Spyderco ko Benchmade takan kama daga dala 150 zuwa 250, Sebenza ta Chris Reeve kuwa ta haura dala 400. Wanda zai zuba irin wannan kuɗi a Bauchi ya kamata ya duba abu uku kafin sunan ƙarfe ya ruɗe shi: aljihun da za ta zauna, ƙurar da za ta sha, da dutsen da zai wasa ta.

A fara da aljihu. Masu ƙera waɗannan wuƙaƙe wandon jins suke tunani, shi ya sa suke sa mata maƙali mai tauri da ke cizon bakin aljihu. Aljihun kaftani kuwa sako-sako ne, yadin ba kauri. Wuƙar da ta wuce giram 100 za ta riƙa jan rigar gefe guda, tana dukan cinya in ana tafiya. Benchmade Bugout giram 52 ce, ruwanta santimita 8.2. Spyderco Para 3 mai ƙotar roba giram 68 ce. Paramilitary 2, wadda ake yawan yabo, ta kusa giram 110, kuma ƙotarta ta G10, wato zaren gilashi da aka haɗe da gam, tana da kaushi kamar sanfefa, tana cin shadda a daidai inda maƙalin ya danne. Mai sa manyan kaya kullum ya nemi mara nauyi, ya kwance maƙalin, ya ba baduku ya ɗinka mata ɗan kube na fata.

Tsawon ruwa santimita 7 zuwa 9 ya isa yanke igiyar buhu, buɗe kwali, feren mangwaro da yanka kilishi. Akwai wani dalilin kuma. Garin da ya sha fama da 'yan sara-suka, jami'an tsaro ba sa kallon wuƙa da wasa. A guji mai fitowa da kanta in an danna maɓalli, da mai baki biyu, da baƙa wuluk mai kamar kayan yaƙi. Kada a shiga da ita taron siyasa ko filin wasa, in kuma za a hau jirgi a saka ta cikin jakar da ake aunawa.

Sai mahaɗa, wato inda ruwan yake juyawa cikin ƙota. Nan ne sabon shiga ya fi yin kuskure. Iri biyu ne: mai ƙananan boris da mai washa ta tagulla. Mai boris tana buɗewa sumul, da ɗan yatsa kawai, kuma ita ce ke burge mai saye a bidiyo. Amma daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙurar hunturu tana shiga tsakanin ƙwayoyin boris ɗin, ta haɗu da mai ta zama kamar kunun yashi. Sai ka ji wuƙar tana ƙaras-ƙaras, dole a kwance ta a wanke. Washa lafe take da jikin ruwan, ba ta barin rami, ƙura ba ta samun wurin zama sosai. Bugout, Para 3, Paramilitary 2 da Sebenza duk washa gare su. Ga yanayinmu, wuƙar farko ta zama mai washa.

Makulli shi ke hana ruwan rufewa a kan yatsu. Axis na Benchmade sakata ce da ake ja da baya, tana aiki da hannun dama da na hagu, sai dai ƙananan sifirin biyu ne ke riƙe ta, kuma sukan karye bayan an daɗe ana amfani, samun madadinsu a nan kuwa aiki ne. Compression na Spyderco yana gadon bayan ƙota, ba ya buƙatar irin wannan sifirin, yatsa kuma ba ya shiga hanyar kaifi wajen rufewa. Na Sebenza ɓangaren ƙotar taitaniyam ne da kansa yake tokare ruwan. Kowanne aka samu a gwada shi: a buɗe, a kama ruwan ta baya, a girgiza gefe da gefe, sannan sama da ƙasa. Motsin gefe sau da yawa ɗaure noti ke gyara shi. Motsin sama da ƙasa kuwa makullin ne bai zauna ba, a mayar da ita. A rufe kuma a duba ko tsinin yana tsakiya, ba ya gogar ƙota.

Yanzu ƙarfe. S30V, wanda kamfanin Crucible na Amurka ya fitar a 2001, yana da kiromiyam, sinadarin da ke hana tsatsa, kashi 14 da banadiyam kashi 4 cikin ɗari. S35VN ƙanensa ne, ya ɗan fi sauƙin wasawa. M390 na Böhler a Ostiriya kiromiyam ɗinsa kashi 20 ne, yana daɗewa bai dakushe ba, amma ranar da ya dakushe sai an yi haƙuri. MagnaCut, wanda masanin ƙarfe Larrin Thomas ya tsara aka fara sayarwa a 2021, ya haɗa juriyar tsatsa da rashin saurin ɓantarewa, kuma in kuɗi ya kai shi ya fi dacewa da mai yawan zufa. D2 kuwa ba ya cika jure tsatsa. Zufar watan Afrilu ko laimar Agusta za su bar masa ɗigo-ɗigo cikin 'yan kwanaki in ba a goge shi.

Banadiyam ɗin nan da ke sa kaifi ya daɗe ya fi dutsen wasa na gargajiya tauri, don haka a ware kuɗin dutsen daimon tun ranar saye: ɗaya mai kaushi lamba 600, ɗaya mai laushi lamba 1000 ko 1200, da ɗan yankin fata na gogewa. A karkata ruwan a kan dutsen da digiri 17 zuwa 20 kowane gefe. A shafa tawadar alƙalamin maka a bakin wuƙar, a goga sau uku, inda tawadar ta goge nan dutsen yake ci. Kada a kai ta wurin mai injin wasa a kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal. Injin ya dace da adda da wuƙar mahauta, amma zafinsa yana kashe taurin siririn baki. Da zarar ka ga ya yi shuɗi-shuɗi, wurin ya yi laushi, sai an cinye ƙarfe mai yawa kafin a kai ga mai kyau.

Jabu sun cika intanet, musamman na Bugout da Paramilitary 2, har da kwali da takarda. Wadda aka ce sabuwa ce amma kuɗinta bai kai rabin na kamfani ba, jabu ce. Hanya mafi aminci ita ce ɗan'uwa mai dawowa daga waje ya saya a shagon da kamfanin ya amince da shi, ya zo da rasit.

Kula da ita ba wuya. Sukudireba mai bakin tauraro lamba T6, T8 da T10 ake buƙata ga na Spyderco da Benchmade. Ta banza tana cinye kan noti. Ɗigon man keken ɗinki ɗaya a kowane gefen mahaɗa ya wadatar, yawansa ƙura yake kira. Man gyaɗa da manja suna daskarewa su yi danƙo. Notin da ke yawan kwancewa a ɗiga masa gam ɗin noti na Loctite shuɗi, banda ja, don jan ba ya kwancewa sai da wuta. Ranar layya a bar ta a aljihu: jini da kitse suna shiga mahaɗa da makulli, su sa shi santsi, kuma ruwan santimita 8 ya yi gajarta ga wuyan rago. Haka nan kada a ɓamɓare murfin gwangwani ko a juya noti da tsininta, domin ƙarfe mai irin wannan tauri ba ya lanƙwasa, karyewa yake yi.